Dalilin da Ya Sa Gidanmu Ke Taruwa da Bazara

Uwata, assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da maigidan da yaran. Nan kowa ƙalau, sai zafi da muke ta fama da shi.

Saƙonki ya iso. Kin ce an turo miki jerin hidimomin bana, aure biyu da saukar karatu duk a cikin Afrilu, kina tambaya ko addini ne ya ce a riƙa tara biki da bazara, ko kuwa mu ne muke son wahalar da kanmu cikin wannan rana. Kin kuma ce maigidanki yana ganin tunda daga Legas ne, a tura gudummawa ta banki, a buga waya a yi Allah sanya alheri, ya wadatar. Na ji daɗi da kika tambayi Goggonki, ba ki zauna kin yanke ke kaɗai ba. Ki gyara zama, don amsar tana da ɗan tsawo.

Ba addini ba ne. Na san abin da ya rikita ki: 'yan shekarun nan ƙaramar Salla ta yi ta faɗowa cikin bazara, 21 ga Afrilu a 2023, 10 ga Afrilu a 2024, 30 ga Maris a 2025, sai aka riƙa haɗa biki da hutun Salla, kika ɗauka tare suke tafiya. Shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da wajen kwana 11, don haka Salla yawo take yi, sai ta yi kamar shekara 33 kafin ta dawo inda ta taso. A 2013 cikin Agusta muka yi ta, tsakiyar marka, ana zuwa idi da lema. Waccan shekarar ma da bazara muka yi bukukuwanmu. Aure halal ne a kowane wata. Wanda ya tsayar mana da lokacin nan gona ce.

Kakanki bai yi boko ba, amma bai taɓa sa ranar aure bai je ya tambayi liman wane tauraro ake ciki ba. Ba duba ba ne, lissafin noma ne. Malamai sun raba shekara taurari 28, kowanne kwana 13, guda ɗaya mai 14, bakwai-bakwai ga bazara da damina da kaka da ɗari. In aka ce masa Surayya ta shigo, wadda mu muke ce wa Kaza, ya san ruwa ya matso, duk wanda bai yi bikinsa ba ya bari sai baɗi. A nan kudancin Katsina cikin Mayu ruwa yake sauka, kuma ranar da ya sauka da asuba ba za ki sami namiji ko ɗaya a gari ba, kowa ya saɓa sungumi. Wa zai zauna ɗaurin aure? Ko ya zauna, me za a ba baƙi? Damina lokacin da rumbu ke yin ƙasa ne, uwar gida tana auna hatsi da tsoro. Ga rafuka sun cika, hanyar ƙauyukan da 'yan'uwanmu mata suke aure ta yanke.

Za ki ce to me ya hana a yi da kaka, lokacin da abinci ya zo gida? Wasu garuruwan haka suke yi, kuma daidai ne. Mu namu mazan 'yan cin rani ne. Da an yanke dawa, an kai auduga fuloti, an karɓi kuɗi wajen Disamba ko Janairu, sai gida ya watse. Wasu Kano, wasu Jos wajen haƙar kuza, wasu Sabon Ibadan, masu ƙarfin hali su kai har Kumasi neman goro. Jirgin ƙasa ne ya sauƙaƙa musu: ya isa Kano a 1911, reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau kuma ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Saurayin da aka yi wa baiko can yake nemo sadaki da kayan lefe. Almajiranmu ma da rani suke bin malaminsu gabas. Duk waɗannan mutane lokaci ɗaya suke juyowa, in zafi ya tsananta, don a yi sharar gona, a kai taki, a baibaye ɗakuna, a gyara indararo kafin hadari ya fara haɗuwa. To tsakanin dawowarsu da saukar ruwan fari akwai 'yan makonni da kowa yana gida, kowa da ɗan abu a aljihu, tubalin ɗakin amarya ya bushe, hanya a buɗe. A cikin shekara duka babu wani lokaci irinsa. Shi ya sa ake cusa komai a ciki: aure, saukar almajirin da ya dawo da allonsa, ganin gida na matan da ke aure nesa, har sulhun waɗanda suka yi shekara ba sa ga-maciji.

Da kin ga babban gida a irin wannan lokaci muna yara. Da la'asar sai a hango mutum daga bakin tsamiya da akwatin ƙarfe a ka, yara su kwasa da gudu suna oyoyo tun ba su gane ko wane ne ba. Ba ya buɗe akwatin nan da kansa. Gaban kakarki, wadda kika ci sunanta, ake ajiye shi, ita za ta kwance huhun goro, ta yanka sabulu sanda-sanda da zare, ta ce wannan na gidan wane, wannan na tsohuwa wance, ta aiki yara. Ba a taɓa mantawa da gidan da babu wanda ya je musu cin rani ba, su ne ma farko. Da dare kuwa babu mai iya kwana a ɗaki. Tabarmi ne jere a tsakar gida, matan da suka zo ganin gida da goyonsu, ana dakan nakiya, ana tuyar alkaki na gara, ana shan farau-farau daga randa. Lokacin ɗorawa ne kuma, bakin kowane yaro rawaya da gari, tsofaffi suna tara kalwa ta daddawar da kowace baƙuwa za ta koma da ita. A kan tabarmin nan ake sanin wadda mijinta ba shi da lafiya tana ɓoyewa, da wadda kishiya ta matsa mata, da yarinyar da ta isa aure. Ba tambaya ake yi ba, kwana uku tare ya ishi tsohuwa ta gane.

Yanzu fa, gaskiya, rabin gidanmu ba manoma ba ne. Ke kina Legas, wasu Abuja, wasu Kaduna. In wata rana iyayenki maza suka zauna suka ce a mai da taron nan Disamba saboda sanyi, ni ba zan ce an taɓa al'ada ba, don dama an zaɓi lokacin ne saboda shi ne kowa yake samu. Har yanzu dai bazara tana da hujjarta: makarantu suna hutu cikin Afrilu, kuma baffanninki da ke ƙauye da 'ya'yansu suna nan suna noma, suna zuwa cin rani, sai dai yanzu acaɓa da gadi da faskare suke yi a birni. Su ne masu gida, lokacinsu ake bi.

Maganar tura kuɗi kuwa, ki gaya wa maigidanki cikin ladabi cewa abu biyu ne ya haɗa. Akwai biki, akwai zumunci. Biki tsakanin mata bashi ne, kowa ya sani. A zamanin fam da sule, kafin naira ta zo a 1973, in ƙawa ta kawo miki sule biyu ranar sunanki, ranar nata huɗu za ki kai, ita kuma ta dawo da takwas, har ya yi nauyi ku zauna ku yarda a koma ƙasa. Iyayenmu ba su rubutawa, amma ba su taɓa ɓata lissafi ba. Irin wannan kam ki tura ta banki, ya isa, an kuma gode. Amma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mai sada zumunci ba shi ne mai ramawa ba, shi ne wanda in an yanke masa sai ya sadar. Kin ga ashe biyan biki bai kai zumunci ba. Hausawa da suka ce zumunta a ƙafa take sun san aike, sun san ɗan saƙo, ga fatake kullum suna kai kaya gari-gari. Duk da haka ƙafa suka ambata.

Kuma in kin zo, ba wurin kamu da wunin biki ne zuwanki yake ba. Wannan kowa ma yana zuwa. Abin da ake dubawa shi ne zagayen gari, kuma yana da tsari. Ki sauka a babban gida, ki durƙusa ki gai da Baffa babba kafin ki shiga ɗakin kowa, ko da na mahaifiyarki ne. Tsarabarki ki damƙa wa uwargidansa ta raba, kada ki raba da hannunki, don ba ki san wanda ya fi bukata bana ba, ita ta sani. Washegari da sassafe, tun rana ba ta yi ba, ki fara da gidajen da aka yi rasuwa tun bayan zuwanki na ƙarshe. Na san kin yi musu ta'aziyya a waya. Ki sake, ki zauna a ƙasa, ki yi addu'a, ki bar matar ta ba ki labarin jinyar tun daga farko ko da kin riga kin ji. Wannan ne ya fi kowane nauyi, kuma shi ne mutane ba sa mantawa in an tsallake. Daga nan marasa lafiya da tsofaffin da ba sa iya fita, sannan barkar haihuwa, sannan ki ware yini guda na dangin mahaifiyarki, don kawunnanki suna da hakki kamar namu, kuma ba na son a ce Goggo ta riƙe 'yarsu. Duk inda aka miƙo miki fura ko kunun tsamiya ki sa baki, ko kurɓi ɗaya ne. Mai ƙaramin ƙarfi in ya ba ki kuka ko kuɓewa busasshiya ƙulle a leda, ki karɓa da hannu biyu, kada ki ce a bar shi.

Abin da ya fi damuna shi ne yaran. Babbanki ya kusa gama firamare, bai san ɗakin da aka haifi kakansa ba. 'Ya'yana taubasanki ne, kun yi wasa, kun ƙwaci kuɗin shara a hannun juna da watan cika-ciki, shi ya sa yau in abu ya same ki ba ki jin nauyin kiransu da tsakar dare. Naki da nasu fa? In ba su kwana tabarma ɗaya ba, ba su yi faɗa a kan mangwaro an raba su ba, ranar da muka kau ba abin da zai haɗa su sai suna a waya. Ki kawo su tsofaffi su tsokane su, wannan ta ce ga mijina ya zo hannu rabbana, waccan ta ce ga kishiya. Yaro yana jin kunya ranar farko, rana ta uku sai kin neme shi a maƙwabta.

Ban ce komai na bikinmu daidai ne ba. Anko kala uku na biki ɗaya ba al'adarmu ba ce, jiya-jiyan nan aka ƙirƙiro shi, kuma na ga matan da suka fasa zuwa bikin 'yan'uwansu don ba su da kuɗin atamfa. Wannan asara ce babba. Kada ki ci bashi saboda shi. In kin ɗauki guda ɗaya ya isa, in ba hali ki sa abin da kike da shi, duk mai magana ki turo ta wurina.

Tsoronki na zafi kuma yana kan hanya, ban raina shi ba. Bazara lokacin sanƙarau ne da ƙyanda. Mu da muka ga annobar 1996, wadda ta kwashe dubban mutane a Arewa, ba ma wasa da cunkoso a ɗaki. Ki duba katin rigakafin yaran kafin ku taso. A waje za su kwana cikin gidan sauro, ruwan shansu kuma za mu tafasa, don rijiyoyi sun ja baya. Tsakanin azahar da la'asar ba inda za ki fita da su. Hanya ma ba irin ta da ba ce, ba sai na faɗa miki ba. Ku biyo ta Kaduna da Zariya, ku kwana a wurin yayanki, ku kamo hanyar Funtuwa da hantsi. Kada magariba ta same ku a mota. Ƙauyukan da ke can cikin daji ba za ki je ba bana, mutanensu za su shigo biki, a nan za ki gan su.

In har maigidan bai sami hutu ba, ko aljihu bai ba da hukunci ba, ba wanda zai ɗora miki laifi, Allah bai ɗora wa rai abin da ba ta iyawa. Kuma ba sai kin halarci duka ukun ba. Ki zaɓi mako ɗaya, ki roƙe shi izini da kyakkyawar magana, in ya so ya biyo ku daga baya ya gai da surukansa ko na yini ɗaya ne. Ni shawarata ki zaɓi makon saukar karatun, don ya fi natsuwa, kuma yaron maraya ne, uwarsa za ta ji daɗin ganin dangin ubansa sun cika mata gida. Tsaraba kada ki wahalar da kanki: sabulu, sukari, ɗan goro na tsofaffi, sai man zafi na ƙafar Baffa. Ki sanar da ni ranar da wuri don a share muku ɗakin kudu a ɗaura gidan sauro.

Ki gai da maigidan da kyau, ki shafa mini kan yaran. Allah ya kawo ku lafiya.

Goggonki.