Tambaya da Amsa: Yini Guda da Amarya a Birnin Filorans

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a Milan, amaryata kuma ta tare kwanan nan. Ina so in kai ta Filorans mu zaga garin a ƙafa, mu biyu kawai, na yini guda. Ta ina za mu fara? (Wani ango, daga Italiya)

Amsa: Wa'alaikumus salam, ango. Allah ya ba da zaman lafiya. Shawararmu ita ce ka tsara tafiyar daga faɗuwar rana ka yo baya, domin abin da ya fi komai kyau a garin nan shi ne magariba ta riske ku a kan tudun Piazzale Michelangelo. A watan Yuni rana kan kai wajen ƙarfe tara kafin ta faɗi, a Disamba kuwa kafin biyar ta ɓace.

Ku hau jirgin ƙasa mai sauri, kimanin awa biyu ne daga Milan. A allo za ka ga Firenze, sunan Filorans da Italiyanci, kuma tashar da za ku sauka ita ce Santa Maria Novella, ba Rifredi ko Campo di Marte ba. Kada ka zo da mota. Tsakiyar garin yanki ne da aka taƙaita shigar motoci, mai alamar ZTL, kyamara ce ke ɗaukar lamba, sai bayan watanni takardar tara ta iske mutum a gida.

Daga tasha minti goma ne zuwa babbar majami'ar Duomo. An kammala ƙubbarta a 1436 bisa tsarin magini Brunelleschi, kuma hawanta matakala 463 ne, babu lif, hanyar ga ƙunci. Sai an sayi tikiti mai ƙayyadadden lokaci tun kafin ranar. In uwargida ba ta saba da hawa ba, ku bar shi, ku adana ƙafafunku saboda tudun yamma. Daga nan ku bi titin Calzaiuoli zuwa dandalin Signoria, inda fadar Vecchio take. A gefen fadar akwai famfon ruwan sha kyauta, ku cika gora.

Gidan tarihi na Uffizi yana nan kusa, amma ba mu ba ku shawarar shiga a wannan rana ba. Yakan cinye awa uku, ana fitowa a gajiye, hira ta mutu. Ba ya ma buɗewa ran Litinin.

Sai gadar Ponte Vecchio a kan kogin Arno, wadda aka sake ginawa a 1345. Da mahauta ne a kanta, sai a 1593 aka tashe su aka zuba maƙeran zinariya, har yau kuma su ne a wurin. A kan gadar cunkoso ne, kuma wanda ke kanta ba ya ganin kyanta. Ku tsallaka, ku koma gadar Santa Trinita da ke kusa, daga can hoto ke fita. Maƙala kwaɗo a ƙarfen gadar Ponte Vecchio, kamar yadda wasu masoya ke yi, haramun ne a dokar garin, akwai tara.

Saura awa ɗaya da rabi rana ta faɗi, ku nufi unguwar San Niccolo ku fara hawa. Minti talatin ne a natse. A hanya akwai lambun wardi, shiga kyauta, ya fi cika da fure a watan Mayu. In kun tarar dandalin Michelangelo ya cika, ku ƙara hawa kaɗan zuwa majami'ar San Miniato, ya fi tsayi, ya fi shiru.

Tambaya: Mu ma muna shirin zuwa da maigida. Ni damuwata abinci da salla da abin da zan sa. (Wata mai karatu)

Amsa: 'Yar'uwa, fara da takalmi. Titunan shimfiɗar dutse ce mai gargada, mai tsini yakan maƙale a tsakani, sabo kuma ya ci dunduniya. Sa wanda ƙafarki ta saba da shi. Abaya da mayafi ba matsala, sai dai a rage tsawon kada ta riƙa jan ƙasa a matakala. Yuli da Agusta zafi kan haura digiri 35, don haka Afrilu, Mayu ko Oktoba sun fi.

Naman alade yana ɓuya a ƙarƙashin sunaye da yawa: prosciutto, salame, pancetta, guanciale, lardo, sai strutto, wato kitsensa, da ake sa wa wasu burodi. Ki ce "senza maiale", ma'ana ban da alade. Askirim ɗinsu, gelato, yawancinsa lafiya lau ne, amma zabaione da malaga akwai giya a ciki. In kun zauna a gidan abinci za ku ga ƙarin kuɗi mai suna coperto a kan kowane mutum, kuɗin zama ne, ba cuta ba ce.

Akwai masallaci a wajen dandalin Ciompi, kusa da Santa Croce, minti goma daga Duomo, inda za ku iya yin Azahar da La'asar kafin ku tsallaka kogi. Jaka kuma ta kasance a gabanki, zif a rufe, musamman a tasha da kan gada.