Kafin ki miƙa wa edita littafinki, ki san aikin da za ki saya

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Na ga tambayarki tun da safe, hidimar gida ce ta hana ni zama sai yanzu. Kin ce kin kammala littafinki na farko, babi 42 da kika rubuta a waya, kina son fitar da shi a takarda, shi ne kike tambayar inda za ki samu mai tace miki shi a nan Kaduna, nawa ake biya, kuma yaya za ki kauce wa masu satar labari. Littafi uku na fitar, mutum biyu suka taɓa yi mini wannan aiki. Ɗaya ya sa ni kuka, ɗayar kuma har gobe ina yi mata addu'a.

Abin da ban sani ba a farko shi ne, kalmar edita da muke faɗa a dunƙule aiki uku ne daban-daban. Akwai mai duba ginin labari: ina ya yi rauni, wane tauraro ne ya ɓace a tsakiya, wane babi ne ba ya tsinana komai. Akwai mai gyaran jimla da ƙa'idojin rubutu. Sannan akwai mai karatun ƙarshe bayan an jera shafuka, wanda aikinsa kawai farautar harafin da ya faɗi ko layin da ya maimaitu. Yawancin masu tallar kansu a matsayin editoci aiki na biyu suke nufi, mu kuma marubuta aiki na farko muke tsammani. Daga nan rigima ke tashi.

A da ba marubuci ke wannan fafutuka ba. Tun gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933 da Hukumar Talifi ta shirya a Zariya ƙarƙashin Dakta Rupert East, hukuma ce ke karɓar rubutu ta gyara ta buga. Haka aka ci gaba a Kamfanin Gaskiya, sannan kamfanin buga littattafai na NNPC da aka kafa a 1966. Da marubuta suka koma buga littattafansu da kuɗin aljihunsu a shekarun 1980, sai nauyin tacewa ya dawo wuyansu, da yawa kuma suka tsallake shi. Shi ya sa kike ganin labari mai daɗi amma rubutun kamar kaji sun yi tono.

Editan farko da na ba aiki, a shagon da nake buga takardu aka haɗa ni da shi. Ya ce mako biyu, na biya shi duka a take saboda ɗoki. Sai da aka kwashe wata uku ina sintiri, yau ba wuta, gobe kwamfuta ta lalace. Ranar da ya turo, na buɗe a waya ina cikin Keke Napep daga Kasuwar Barci zuwa gida, tun kafin mu kai gabana ya faɗi. A labarin akwai wata tsohuwa Basakkwata, da gangan na bar ta da harshenta: "lahiya lau", "yaz zo", "tat tahi". Bawan Allah nan ya bi layi-layi ya mayar da ita Bakanuwa. Akwai kuma yaran gareji masu irin Hausar da ake ji a Kakuri, su ma ya wanke musu baki suka koma magana kamar masu karanta labaran rediyo. Abin da ya fi ci mini rai, a kan ainihin rubutun ya yi gyaran ba tare da wata alama ba, ban san inda ya taɓa da inda ya bari ba. Da na yi magana sai ya ce ai daidaitacciyar Hausa ke nan. Gaskiya ne daidaitacciyar Hausa ta fi jingina da karin Kano, amma wurinta bakin mai ba da labari. Abin da ke cikin alamar zance na tauraro ne, a bar masa kayansa.

Ta biyun tsohuwar malamar Hausa ce da ta yi ritaya, a wajen Badarawa take. Ita ba ta aiki a kwamfuta, sai na buga mata a takarda na kai. Bayan kwana goma ta kira ni. Na same ta a kan tabarma, tabarau a karan hanci, jan biro a hannu, ga wani littafin makaranta mai layi a gefe da ta cika da sunaye. Ashe kowane tauraro ta buɗe masa shafi: shekarunsa, sunan uwarsa, unguwarsu, babin da ya fara fitowa. Ta ce, "'Yata, a babi na 4 kin ce uban yarinyar nan ya rasu tana goye. A babi na 19 ga shi yana yi mata nasiha ranar kai ta ɗaki. Tashi ya yi, ko wani uban ne?" Kunya ta kama ni, sau nawa na karanta littafin nan ban gani ba. Ba ta gyara ba kuma, alamar tambaya kawai ta sa a gefe, ta ce ni ce mai labari, ni zan zaɓa. Babi biyu ta ce in cire gaba ɗaya, na ji kamar za a yanke mini yatsa. Na cire ɗaya, na ƙi cire ɗayan, ta ce to Allah ya sa albarka, ba ta sake tayar da zancen ba.

Saboda haka kada ki ba kowa littafin gaba ɗaya tashin farko. Zaɓi babi guda daga tsakiya, ba na farko ba, don na farko kowa ya fi lallaɓa shi. Ba mutum biyu ko uku, ki biya ɗan abin da suka ce, ki kwatanta abin da ya dawo. Duba ko ya san cewa "yana", "take" da "suke" haɗe ake rubuta su, "za ta", "ya ce" da "shi ne" kuma a rabe. Duba ko ya kama haruffa masu ƙugiya, don mu masu rubutu a waya nan ne ajalinmu: baki da baƙi, kafa da ƙafa, fada da faɗa, ɓata da ba ta. Sannan ki duba abin da ya fi waɗannan muhimmanci, wato idan kin karanta babin da ƙarfi, muryarki kike ji ko tasa. Wanda ya dawo miki da babi ba tambaya ko ɗaya, sai yabo, ni dai ba na komawa wurinsa.

Maganar inda ake samunsu, hanya mafi sauƙi ita ce ki ɗauki littafin Hausa da kika karanta kika ji rubutunsa tsaf, ki buɗe shafin godiya, galibi za ki ga sunan wanda ya duba. Tambayi marubucin yadda suka ƙare. Ki kuma leƙa zaman ƙungiyar marubuta ta ANA reshen Kaduna. Akwai malamai da ɗaliban digiri na biyu a sashen harsuna na Jami'ar Jihar Kaduna (KASU) da na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya ba nisa. Akwai ma'aikatan jaridun Hausa da na ɗakin labaran gidajen rediyo, su hannunsu ya saba da sauri da yanke surutu. Sai dai ki sani, malamin jami'a zai iya zama gwani a nahawu amma bai damu da ko labari yana jan mai karatu ba, kuma idan lokacin jarrabawa ya zo sai ki yi haƙuri. Ɗan jarida kuma wani lokaci yakan datse kwalliyar da ita ce daɗin ƙagaggen labari.

Kuɗi kuwa ba shi da tsayayyen farashi, ciniki ne. Wasu da shafi suke lissafi, wasu da yawan kalmomi. Ni na fi son na kalmomi, domin shafi yana da wayo: a ƙara girman harafi ko tazarar layi, shafi 150 ya koma 220. Manhajar Word na nuna adadin kalmomi a ƙasa, ba gardama. Ki biya rabi a fara, rabi idan an gama. Ku rubuta yarjejeniya ko da a saƙon WhatsApp ne, amma rubutacce, ba saƙon murya ba: wane irin gyara, ranar kawowa, sau nawa zai sake dubawa bayan kin yi gyaran da ya nuna. Wannan na ƙarshen kada ki manta shi, don gyara ma yana haifar da sababbin kurakurai. Idan a kwamfuta zai yi, ki ce lallai ya kunna tsarin nan na Word da ke nuna kowane canji da launi, ki karɓi wanda kika yarda da shi ki ƙi wanda ba ki so. Kuma araha ba ta ado. Wanda ya ce zai tace babi 42 a kwana biyu, karantawa ma ba zai yi ba.

Batun sata, na fahimci tsoronki. A dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sabunta a 2022, rubutu naki ne tun daga lokacin da kika rubuta shi, ba sai kin yi rajista ba, ko da yake Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka na karɓar sanarwar aiki ga mai so. Ki tura ta imel don kwanan wata ya zauna a matsayin shaida, ki ajiye asalin kwafin da ba a taɓa ba. Ni a ganina ma, haɗarin ya fi yawa a guruf-guruf da ake yawo da labari ana goge sunan mai shi, fiye da wurin editan da ke neman suna da abinci a wannan sana'a.

Kafin ki tura wa kowa, ajiye littafin mako uku ba ki buɗe ba, sannan ki karanta shi da kanki ki share abin da idonki ya iya gani. Babu dalilin biyan wani ya raba miki "yace" guda dubu.

Sai abu na ƙarshe da ya taɓa cin kuɗina. Bayan an gama tacewa tsaf, maɗaba'a ta canza nau'in harafi, duk ƙ da ɗ da ɓ suka koma ƙananan akwatuna, ban gani ba sai da aka buga. Ki dage su fitar miki da kwafin gwaji guda ɗaya a takarda, ki ba wanda bai taɓa karanta labarin ba ya bi shi da biro, ke ma ki bi, kafin ki ce a kunna inji. Lambar ISBN kuma, wato lambar shaidar littafi, daga Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samunta, ki nema da wuri don ta shiga bango tun a kwafin gwajin.