Tambaya da Amsa: Wai da gaske LeBron zai bar Lakers?

Tambaya: Malam barka da aiki. Don Allah ka warware mana wannan musu, kullum sai mun yi shi da abokai har ana neman ɓatawa. Wasu sun rantse LeBron James, tauraron ƙwallon kwando na Los Angeles Lakers a gasar NBA ta Amurka, Cleveland zai koma ya ƙarasa, wasu na cewa Golden State zai je wajen tauraronsu Stephen Curry, ni kuma na ga hotonsa a Facebook sanye da rigar Dallas. Wai ina ya nufa ne? Daga wani mai karatu, ɗan Lakers tun zamanin Kobe.

Amsa: Ɗan'uwa barka kadai. Mu fara da hoton nan da ka gani, haɗi ne, yaro ɗaya da waya a hannu zai sa wa LeBron rigar kowane kulob cikin minti biyar, ni har da rigar Knicks na gan shi yana murmushi kamar gaske. Amma ruwa ba ya tsami banza, akwai abin da ya tayar da ƙurar. A ƙarshen watan Yunin 2025 LeBron ya amince ya ci gaba da shekarar ƙarshe ta kwantiraginsa a Lakers, wato kakar 2025-26, kan dala miliyan 52.6, sai wakilinsa Rich Paul ya fito ya yi wata magana mai harshen damo, wai LeBron kofi yake so ya ci, kuma ya san Lakers ginin gaba suke yi. To ka ji inda mutane suka samu abin taunawa. Kuma gaskiya tun watan Fabrairun 2025 da aka kawo Luka Doncic daga Dallas aka ba da Anthony Davis kowa ya gane gidan ya samu sabon ango, a lokacin Luka yana gab da cika shekara 26, LeBron 40, ba sai an yi maka duba ba.

Sai dai abu biyu ne masu musun nan ba sa sakawa a lissafi. Na farko, a kwantiragin da ya sa wa hannu a 2024 akwai sharaɗin cewa ba za a yi musayarsa zuwa wani kulob ba sai da yardarsa, wanda 'yan wasa ƙalilan ne ke samun irinsa a NBA, ma'ana ko Lakers sun gaji da shi ba su isa su tattara shi su tura wani gari ba kamar yadda Dallas ta yi wa Luka cikin dare. Na biyu kuɗi. NBA ba kamar ƙwallon ƙafa ba ce da attajiri zai zuge jaka ya saye wanda ya ga dama, a nan akwai iyakar albashi, kuma in kana son ɗauko mai cin miliyan 52 ta hanyar musaya dole ka fitar da 'yan wasan da albashinsu ya kai kusan hakan. Wato sai ka rushe ɗakin da kake so ya zo ya kwana a ciki. Shi kuma da me zai je ya ci kofin in an kwashe mutanen?

Tambaya: Ni dai Malam ina ganin babu abin da ya fi kyau kamar ya koma Cleveland, can ya fara, can ya kamata ya ajiye. Ko ba haka ba? Daga wata 'yar'uwa.

Amsa: Wallahi 'yar'uwa a zuci ina tare da ke, labarin ya fi daɗin ji. Ɗan Akron ne, garin da ke kusa da Cleveland, su suka ɗauke shi na ɗaya a zaɓen sabbin 'yan wasan NBA na 2003 yana ɗan shekara 18, ya tafi Miami a 2010 bayan ya sanar a talabijin kai tsaye, magoya baya suka fito titi suna ƙona rigarsa, mai kulob ɗin Dan Gilbert ya rubuta wasiƙar nan ta ɓacin rai da har yau ake masa dariya a kanta. Ya ci kofi biyu a Miami, 2012 da 2013, ya dawo gida a 2014. Sai 2016, wadda ni dai har gobe ban ga fainal kamarta ba, Golden State da suka ci wasa 73 a kakar suna gaba da 3-1, kowa ya shafa fatiha, amma aka ja su har wasa na bakwai, saura ƙasa da minti biyu Iguodala na Golden State ya taho da gudu zai ajiye ƙwallo a kwando, LeBron ya biyo shi ta baya kamar shaho ya maƙe ta a jikin allo, abokin wasansa Kyrie Irving ya jefa mai maki uku, ana tashi LeBron ya zube a ƙasa yana kuka. Shekara 52 garin bai ga babban kofi ba kafin ranar.

To amma lissafi ba ya jin kuka. Cleveland ta ci wasa 64 a kakar 2024-25 da Donovan Mitchell da Evan Mobley da Darius Garland da Jarrett Allen, albashinsu ya riga ya yi sama, kuma dokar da aka shigo da ita a 2023 ta ɗaure hannun kulob ɗin da ya wuce wani mataki na kashe kuɗi, ba zai haɗa albashin mutum biyu ko uku ya karɓo mutum ɗaya ba. Kin ga ta musaya ƙofa kusan a rufe take. Hanyar da ta rage ita ce kwantiraginsa ya ƙare ya zama ba shi da kulob, sannan ya yarda ya karɓi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, mutumin da ya saba da miliyan hamsin. Zai iya, ai biloniya ne, amma iyawa daban yarda daban.

Tambaya: Maganar haɗuwa da Curry fa?

Amsa: Wannan tana da ɗan tushe, an ruwaito Golden State sun taɓa ƙwanƙwasa ƙofa a farkon 2024 ba a buɗe musu ba, sannan mutane sun ga yadda suka dace da juna a gasar Olamfik ta Paris inda suka ci zinare ƙarƙashin koci Steve Kerr. Amma haɗa LeBron da Curry da Draymond Green da Jimmy Butler, duk sun haura 35, a kakar da ake buga wasa 82, ai sai likitan kulob ya nemi ƙarin albashi.

Tambaya: Malam ba gara ya yi ritaya da mutuncinsa ba? Tsoho sai ya jira an kore shi? Daga wani matashi.

Amsa: Haba ƙanena, tsohon da ya tashi da maki 24 da taimako 8, wato miƙa ƙwallon da aka jefa a kwando, a kowane wasa yana ɗan shekara 40 shi za ka ce a kora? Tsohuwar zuma ce wannan. Ya wuce maki 38,387 na Kareem Abdul-Jabbar, wanda ya fi kowa maki a tarihin NBA kafin nan, a Fabrairun 2023, ya haura 40,000 a Maris ɗin 2024, kuma kaka ta 23 babu wanda ya taɓa kaiwa kafin shi, Vince Carter a 22 ya tsaya. Na dai fahimci tsoronka, duk wanda ya ga Michael Jordan da rigar Washington, ko Hakeem Olajuwon da ta Toronto bayan shekara 17 a Houston, ko Tony Parker a Charlotte, duk a ƙarshen wasansu bayan sun bar kulob ɗin da suka yi suna a ciki, ya san abin yana yi wa ido wani iri, kamar ka ga babanka da kayan aro.

In ra'ayina kuke so, ni ina ganin zamansa a Los Angeles ya fi tafiyarsa ƙarfi, aƙalla har kwantiragin nan ya ƙare, kuma dalilina ba na fili ba ne kawai. Iyalinsa na can, harkokinsa na fina-finai na can, ɗansa Bronny da Lakers suka ɗauka na 55 a 2024 na can, su ne uba da ɗa na farko da suka shiga fili tare a tarihin NBA, sannan ya sha faɗa cewa burinsa bayan ya ajiye shi ne mallakar kulob a Las Vegas. Abin da zai iya sauya mini lissafi ɗaya ne, in Lakers suka sake fita a zagayen farko kamar yadda Minnesota ta yi waje da su da 4-1 a 2025, sannan suka ce masa sabon kwantiragi sai dai a rage kuɗi sosai don a gina wa Luka. In haka ta faru, 'yar'uwa mai maganar Cleveland ki sake rubuto mini, zan amsa miki a wannan shafin ko da kuwa ni ne na sha ƙasa.