Hukuncin sanya wanda ya rasa muhalli a gidan gado da ke kulle

Tambaya: Malam, mahaifinmu ya rasu ya bar gida a unguwar Mokoyo da ke Maradi, har yau ba a raba gado ba, gidan na kulle. Ƙanena ɗaya yana Libiya, mun daɗe ba mu ji daga gare shi ba, akwai kuma ƙananan yara cikin magada. Maƙwabcinmu da ruwa ya rusa wa gida ya roƙe ni in ba shi ya zauna. Makulli yana hannuna. Ya halatta?

Amsa: Bismillahi, wassalatu wassalamu ala Rasulillah. Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da ka tambaya kafin ka buɗe ƙofa.

Riƙe makulli bai mayar da kai mai gida ba. Tun ranar da mahaifinku ya rasu gidan ya zama na magada duka, kowa da kasonsa, kuma dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da yardarsa. Masu cewa gidan da aka bari ya zama na duk wanda ya raya shi sun ruɗe: hukuncin raya mataccen fili bai shafi abin da aka san masu shi ba.

Amma barinsa a kulle ma ba tsoron Allah ba ne. Hadisin Mugira ɗan Shu'uba a Buhari da Muslim ya nuna Allah yana ƙin tozarta dukiya, gidan ƙasa kuwa idan babu mai gyara indararo da yaɓe, damina kaɗan ke kayar da shi. Kuma mutanen Maradi sun san abin nan: ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta tayar da tsohon gari zuwa tudu, a daminar 2024 kuma mun ga iyalai kwance a azuzuwan makaranta. Abin yana yi mini ciwo in wuce gida da kwaɗo a ƙofa, maƙwabcinsa da ƴaƴansa suna ƙarƙashin leda.

Saboda haka ka tara manyan magada. Duk wanda ya yafe kasonsa na haya, ladansa na wurin Allah. Kason marayu kuwa ba ya kyautuwa, ko waliyyinsu ba shi da ikon yafe shi. A ƙiyasta hayar da ake biyan irin gidan a unguwar, a ajiye musu nasu. Idan maƙwabcin ba shi da hali, ku manya ku biya musu daga aljihunku. Na ƙanenka, ka kai maganar gaban alƙali ya naɗa wanda zai riƙe masa amana har ya dawo.

Na san tsoron da ke sa mutane kulle gida: a ba mutum aro ya ƙi fita. Maganinsa a yanke wa'adi, a rubuta, mai unguwa da shaidu biyu su sa hannu. A mazhabar Malik aron da aka sa wa lokaci yana lizimtar mai bayarwa, ba za ka tashe shi kafin wa'adi ba, shi ma ba shi da hujjar zama bayansa.

Ku kuma gaggauta rabon gadon. Risalar Ibn Abi Zaid ta ce abin da ba ya rabuwa sai da cuta, idan ɗaya ya nemi a sayar, ana tilasta wanda ya ƙi. Wallahu a'alamu.