Rufin makarantar firamare ya yaye: haƙƙin wa ne ya gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Iska ta yaye rufin ajujuwa biyu a firamaren garinmu tun damina, yara suna karatu a gindin bishiya. Kansila ya ce sai jiha, mutanen jiha suka ce kuɗin suna Abuja. Don Allah wa ya kamata mu riƙe?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. A takaice, gwamnatin jiharku za ku fi matsa wa, ko da yake kowannensu ya faɗa maka ɓangaren gaskiya.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatu daga aji ɗaya na firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole. Ta kuma ware kashi 2 cikin ɗari na babban asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya, hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, ke riƙe da shi. Rabin wannan kuɗi na gina ajujuwa ne da gyara su, da kujeru da banɗaki. Amma akwai sharaɗi: jiha ba za ta taɓa kasonta ba sai ta ajiye daidai adadinsa daga aljihunta, ta kuma gabatar da tsarin ayyukan da za ta yi. Idan gwamna bai ajiye nasa ba, kuɗin sai su yi ta kwana a Abuja. Shekara da shekaru hukumar tana kokawa cewa biliyoyin naira suna jibge, jihohi da dama ba su zo sun ɗauka ba. Don haka wanda ya ce maka kuɗin suna Abuja bai yi ƙarya ba, sai dai bai gaya maka wanda ya bar su can ba.

Me ke hana gwamna biya? Wasu kan ce babu kuɗi. Ni dai ban cika yarda ba, domin jihar da ta iya gina gadar sama ba za ta rasa wannan ba. Kwanon aji a ƙauye ba a yanka masa ƙyalle a gaban 'yan jarida. Sannan kuɗin UBEC ana bin sawunsu, ba kowa ke son a leƙa masa littafi ba.

Albashin malamai kuwa wata rigima ce daban, UBEC ba ta biyan sa. Daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, ta raba. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ƙungiyar malamai ta NUT ba ta son albashin ya koma hannun ciyamomi, don ba ta manta da farkon shekarun 1990 ba, lokacin da malamai suka yi watanni ba ko sisi. Kuma an ga misali a Abuja a 2025: malaman firamare sun yi sama da wata uku suna yajin aiki saboda ƙananan hukumomin birnin ba su biya mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ba.

To yanzu ga abin yi. Ku haɗa kai da hedimasta da kwamitin kula da makaranta, ku ɗauki hoton ajujuwan, ku rubuta takarda zuwa ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da shugaban SUBEB, mai gari ya sa hannu. Ku tabbata an buga muku hatimin karɓa a kwafinku. Abin da za ku nema shi ne a saka makarantarku cikin tsarin ayyukan shekara, domin wadda ba ta ciki ba a yi mata aiki ko kuɗin sun fito. Ɗan majalisar jiha na mazabarku kuma ku yi masa tambaya ɗaya a bainar jama'a: jiharmu ta biya kasonta na UBEC na bana?