Littattafan Falsafar Girka: Wanne Za a Saya, Wanne Za a Bar wa Mai Shi

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Zariya. An ba mu aiki kan maganar Parmenides cewa tunani da samuwa abu ɗaya ne. Na zaga shaguna ban samu littafinsa ba, ga lokaci ya ƙure.

Amsa: Kwantar da hankalinki, 'yata, ba sakacinki ba ne. Littafin ne babu shi. Parmenides mutumin Eleya ne a kudancin Italiya, an haife shi wajen shekara ta 515 kafin Miladiyya, kuma waƙa guda ya rubuta. Abin da ya tsira baiti ne wajen 150, guntu-guntu, da yawansu don Simplicius, wani mai sharhin littattafan Aristotle, ya kwafe su cikin sharhinsa a ƙarni na 6 bayan Miladiyya. Hujjarsa ita ce: abin da babu shi ba ya tunanuwa, ba ya faɗuwa, saboda haka abin da yake akwai guda ne, ba shi da mafari, ba ya gushewa, ba ya rabuwa. Nemi tarin guntayen magabatan Socrates mai lambobin Diels da Kranz, masanan da suka tattara su, ki duba guntu mai lamba B3 na Parmenides, nan maganar take. Fara da laburaren sashenku kafin ki kashe ko sisi.

Tambaya: Wani yana tallar "Cikakkun Littattafan Socrates" a WhatsApp. In tura kuɗin?

Amsa: Haba malam! Socrates bai rubuta littafi ko ɗaya ba. Ta bakin almajiransa, Aflaton da Xenophon, muka fi saninsa. To me za a turo maka?

Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum zai tsaya ya yi ciniki kan cajar waya, ya juya ta gaba da baya kada a liƙa masa jabu, amma littafi sai ya biya ido rufe. Ku buɗe ku duba gefen shafi. Aflaton na kirki yana ɗauke da lambobin Stephanus, daga bugun 1578. Aristotle kuma lambobin Bekker, daga bugun 1831. In babu su, malaminka zai ce duba wuri kaza, kai kana ta laluben shafi. Masu bugun sata da masu fotokwafi sukan datse gefen don rage takarda. Sannan ina sunan mai fassara? In babu, ajiye. Aristotle a kashi na uku na littafinsa kan rai ya ce ilimi, a lokacin da ake cikin sanin abu, shi da abin da aka sani ɗaya ne. Irin wannan jimla in ta faɗa hannun na'urar fassara ba wanda ya bi ta, shirme take komawa. Abin haushi ma, tsohuwar fassarar Aflaton ta Jowett kyauta take a intanet, ita ake sauya wa bango a sayar muku.

Tambaya: Na sayi Uthulujiya ta Aristo (Aristotle) da Larabci, sai aka ce ba tasa ba ce. An cuce ni?

Amsa: Mai shago bai cuce ka ba, ɗana, kuskuren ya haura shekara dubu. Littafin an tsamo shi ne daga kashi na huɗu zuwa na shida na rubuce-rubucen Plotinus, masanin falsafa da ya rasu a shekara ta 270 bayan Miladiyya, aka mayar da shi Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9, a da'irar masanin falsafa Alkindi. Riƙe abinka, yana da daraja, domin Plotinus ne ya dage cewa abubuwan da Hankali ke tunani ba a wajensa suke ba. Sai dai kada ka jingina wa Aristotle maganar a jarrabawa. In ka samu bugun Abdurrahman Badawi na Alƙahira, 1955, shi ya fi.

Tambaya: Ina so in yi odar Plotinus bugun Loeb, mai Girkanci da Turanci, mujalladi bakwai, su ƙawata falo.

Amsa: Da dala a yadda take? Rabin kowane mujalladi Girkanci ne, ba ka ce kana karanta shi ba. Sayi labule.