Na kwashi adashi, wane irin gwal zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum Alhaji, daga wani ƙauye nake a gefen Ringim. Na kwashi adashi na haɗa da kuɗin awakina, ina so in sayi sarƙa da ɗan kunne na gwal in ajiye saboda auren 'yata. Dillaliya ta kawo min wata mai duwatsu tace 'yar Dubai ce, in karɓa?

Amsa: Wa alaikumussalam Hajiya, Allah ya sanya alheri. Gaskiya kar ki yi saurin ba da kuɗi. Gwal da giram da karat ake cinikinsa, cewa daga Dubai ko Makka ya fito ba ya ƙara masa komai. Ki duba wajen maƙalin sarƙar za ki ga 'yar lamba, 750 shi ne karat 18, 875 shi ne 21, 916 kuma 22, wato yawan zinaren da ke cikin kashi 1000 kenan, ragowar jan ƙarfe ne da azurfa da ake haɗawa don ya yi ƙwari, tunda zallan 24 laushi gare shi. To amma masu jabu ma suna buga lambar nan, don haka ki ce da dillaliyar ku shiga Kano tare wajen masu gwal, a goga a dutse a ɗiga asid a ɗora kan sikeli kina kallo. In ta fara hanya-hanya kin samu amsarki.

Maganar duwatsu kuwa, ni ban ba ki shawara ba tunda ajiya za ki yi. Ranar saye da nauyinsu ake auna miki, ranar sayarwa kuma sai an cire nauyin nasu kafin a yi miki lissafi, ga kuɗin aiki shi ma ba dawowa yake ba, asara biyu kenan. Ki nemi 21 marar dutse mai ɗan kauri, banda irin mai rami a ciki da ke lotsewa, kuma a rubuta miki giram da karat a rasit ki adana shi.

In za a sa ranar biki a bari humra da turare su bushe tukuna. A cire kafin wanki da Hypo, haka wasu mayukan bilicin akwai sinadarin makuri a ciki, yana cin gwal ya bar shi fari-fari. In ya dushe ruwan ɗumi da sabulu da buroshi mai laushi sun isa, don Allah kar a dirje shi da toka kamar tukunya. Ki naɗe kowanne daban a ƙyalle mai taushi don kar su karci juna.